Zurfin da Ido Ɗaya Ba Ya Gani

A tsakiyar hunturu, da hantsi, akwai ɗan lokacin da rana ke samun kafa a rufin wani zaure na unguwar Hubbare, cikin birnin Sakkwato, ta saukar da haske siriri kamar gora har bisa tabarma. Hasken ba ya daɗewa. Amma muddin yana nan, duk wanda ya zauna a zauren zai ga iskar da ya ɗauka wayam ce ashe cike take maƙil: ƙura ce dubu bisa dubu, wata na hawa, wata na sauka, wata ta tsaya cak kamar mai tunanin inda za ta nufa. Malaman Larabci na unguwar suna da sunan da suke kiran irin wannan ƙura ta cikin hasken rana, wato haba'u, kuma da ita suke buga misalin abin da ya kai matuƙa wajen rashin nauyi.

Mai zauren baduku ne, ya haura shekara saba'in. Tun yana saurayi yake ɗinka gafaka da tadarishi da layu da jar fatar akuyar Sakkwato, yana sayar wa masu ziyara da ke zuwa daga Katsina da Maraɗi da Ilori da ma inda ya fi nan nisa, don su tsaya a gidan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna, inda kuma aka rufe shi a 1817. Hannunsa bai manta komai ba. Idonsa na hagu ne yana ta rufe tun shekara biyu da suka wuce, likita ya duba ya ce aiki ne na ɗan lokaci, a cire yanar a sa wani ɗan gilashi a madadinta. Tsohon ya ce ya ji. Bai koma ba.

Ɗansa na fari malamin fiziks ne a wata makarantar sakandare. Shi ya fara lura da cewa basilla ta soma cin babban yatsan mahaifinsa, abin da bai taɓa gani ba tun tasowarsa. Sai kuma wata safiya tsohon ya ɗaga buta zai zuba shayi, shayin ya sauka a tabarma, ɗan yatsa biyu gaban kofin.

"Baba, ai ƙasa ka zuba."

"Kohin na yag gusa," in ji tsohon, ba tare da ya ɗaga kai ba.

Da aka sake tayar da maganar asibiti, ya yanke ta da karin magana: mai ido guda ba shi gode ma Allah sai ya ga makaho, shi kuwa ya ga makafi, ya gode. Ido guda na ganin hanya, na ganin alƙibla, na ganin fuskar jika. Me ya rage? Ɗan bai sami amsa a ranar ba. Ya san akwai abin da ya rage, sai dai bai san yadda zai faɗe shi da kalmomin da ba na allon makaranta ba. Daga baya ya tsinci amsar a wurin da ba nemanta ya kai shi ba, cikin wasu rubuce-rubucen bincike da yake karantawa a wayarsa da dare, game da wani fanni da ake kira filasma mai ƙura.

Ga yadda abin yake. Ruwa in ya daskare ƙanƙara ne, in ya narke ruwa ne, in ya tafasa tururi ne. Idan aka ci gaba da ɗura wa iska ƙarfi, ko ta zafi ko ta lantarki, sai ƙwayoyin zarra su fara sakin ilektiron ɗinsu. Abin da ya saura bayan ilektiron ya kuɓuce shi ne ayon, mai caji fozitif, ilektiron kuwa cajinsa nagetif ne, kamar kawunan batir guda biyu. Wannan gauraye na ilektiron da ayon masu yawo a sake shi ne filasma, sunan da Irving Langmuir ya raɗa masa a Amurka a 1928. Rana filasma ce, haka taurari. Walƙiyar damina filasma ce, haka shuɗin hasken da ke tashi a bakin ƙarfen mai walda, haka abin da ke cikin doguwar fitilar lantarki ta shagunan kasuwa.

To, a watsa ƙura cikin filasma. Ilektiron ya fi ayon sauƙin nauyi da ninki dubbai, saboda haka ya fi shi gudu nesa ba kusa ba, ya fi shi yawan karo da duk abin da ke kan hanya. Kafin ƙiftawar ido kowace ƙwayar ƙura ta kwashi ilektiron ta zama nagetif. Ƙwaya mai faɗin maikiron goma, wato kusan kashi ɗaya cikin bakwai na kaurin gashin kai, tana iya ɗaukar ilektiron wajen dubu goma. Tun da duk caji iri ɗaya suka ɗauka, sai su riƙa ture juna kamar kishiyoyi a ɗaki guda, kowace na neman tazara. A cikin kwalbar gwaji, inda aka zuƙe iska aka bar ɗan argon kaɗan, ƙarfin lantarkin da ke saman farantin ƙasa yana tallabe su, ba su faɗuwa. Haka za su rataye a sarari, ba zare ba igiya.

Ba da gangan aka gano hakan ba, kuma labarin ganowar na da ɗan ban dariya. Kamfanonin da ke ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da filasma suke sassaƙa siraran hanyoyin lantarki a kan farantin silikon, ƙura kuwa babbar abokiyar gabarsu ce, ƙwaya ɗaya ta isa ta lalata aiki. Sun kashe dukiya wajen tace iska, sun naɗe ma'aikata cikin fararen kaya daga kai har ƙafa, duk a zaton daga waje ƙurar ke shigowa. A 1989 Gary Selwyn na kamfanin IBM ya haska leza cikin injin yana tsakiyar aiki, sai ya ga gajimaren ƙura na shawagi daidai saman farantin. A cikin filasmar ƙurar ke tsirowa, ta girma, ta rataye tana jira, da an kashe wuta ta zubo kan aikin. Ɓarawon na cikin gida ne. Kafin wannan, a 1980 da 1981, kumbunan Voyager sun aiko da hotunan zobban duniyar Zuhal ɗauke da wasu baƙaƙen zane-zane kamar wayoyin ƙafar keke, suna bayyana suna ɓacewa, kuma bayanin da ya fi karɓuwa shi ne ƙura ce mai caji da ta tashi sama da zobban. Sai ga masu binciken sararin samaniya da masu ƙera kwamfuta sun tarar da kansu a kan tambaya ɗaya.

A 1994 ƙungiyoyin masu bincike a Taiwan da Jamus da Japan, kowace a nata ɗaki, suka nuna cewa ƙurar na iya jeruwa sahu-sahu, kowace ƙwaya da maƙwabta shida kewaye da ita kamar saƙar zuma. Nan fannin ya sami kasuwa. Dalili kuwa shi ne ba wanda ke iya zura ido ya bi ƙwayar zarra guda a cikin ruwa ko ƙarfe, ya ga inda ta je lokacin narkewa ko tafasa. Sun yi ƙanƙanta, sun yi sauri. Amma ga wasu ƙwayoyi da ke yin irin halin nan, suna daskarewa, suna narkewa, suna gudana, kuma kyamarar bidiyo ta gama-gari na ganinsu ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya riƙe malamin fiziks ɗin har dare ya raba shi ne maganar taguwa. Shekara da shekaru yana koyar da ita da alli: ya zana maciji mai lanƙwasa a allo, ya rubuta lissafi a ƙarƙashi, yara su haddace. Da yawansu kan fita aji da zaton cewa taguwa wani abu ne da ke tashi daga nan ya tafi can. Alhali wanda ya taɓa tsayawa cikin cunkoson ƙofar Hubbare ranar da maziyarta suka yi yawa ya san gaskiyar lamarin a ƙirjinsa. Na gaba ya ja da baya taku guda, ya matse na bayansa, shi ma ya matse na bayansa, matsin ya bi layi har ƙarshe. Matsin ya yi tafiyar mita ashirin, amma ba mutum ɗaya da ya gusa fiye da taku. Sauti haka yake tafiya cikin iska, matsi da saki, matsi da saki.

A 1990 masana uku, N. N. Rao da Padma Kant Shukla da M. Y. Yu, suka lissafa a takarda cewa lalle irin wannan taguwar matsi za ta iya ratsa ƙurar da ke cikin filasma, kuma saboda nauyin ƙurar za ta kasance mai jan ƙafa ƙwarai. Shekara biyar bayan haka, a 1995, Barkan da Merlino da D'Angelo suka gan ta a Jami'ar Iowa. Ƙurar da suka yi amfani da ita garin kawolin ne, farar ƙasar nan irin wadda ake haƙowa a Ƙanƙara ta jihar Katsina. Taguwar na bugawa kimanin sau 15 a daƙiƙa, tsakanin tudu da tudu ɗan abin da ya haura rabin santimita, gudunta kuwa wajen santimita 9 a daƙiƙa. A gwada da sauti cikin iska, mai cin mita 340 a daƙiƙa guda. Ita wannan a sa'a cur ba ta wuce mita 320 da ɗoriya ba. Kunnen ɗan Adam daga bugu 20 a daƙiƙa yake fara ji, saboda haka sauti ne da ba a ji, sai dai a gani: layukan haske na bin juna cikin gajimaren ƙura kamar iska na ratsa gonar gero. Ba kuma sai an kaɗa ta ba. Ayon da ke kwarara ta tsakanin ƙurar su ke tayar da ita, yadda iska ke tayar da igiyar ruwa a gulbi.

Gani ya kori ji, in ji masu iya magana. Sai dai daga nan matsalar awo ta fara, domin ganin farko da ido ɗaya aka yi shi. Yadda aka saba shi ne a baje hasken leza ya zama kamar fallen takarda, a yanka gajimaren da shi, a kafa kyamara ɗaya a gefe. Abin da kyamarar ke ba ka shi ne dama da hagu, sama da ƙasa. Ƙwayar da ke tahowa wajen kyamara kai tsaye, ko take ja da baya, a hoto tsaye take ba motsi. Wadda ta fice daga fallen hasken ta ɓace kamar ba a taɓa yinta ba, wata ta faɗo ciki daga wani wuri, kwamfuta ta ɗauka ita ce ta ɗazu. Idan ƙurar shimfiɗe take a falle guda, kamar hatsi a faifai, babu laifi. Amma gajimare na da ciki, taguwa kuma ba ta yi alkawarin bin layin da mai bincike ya haska ba. Wasu suka ce a riƙa tafiyar da fallen hasken daga gaba zuwa baya, a tara hotunan kamar yankan burodi. Dabarar na aiki ga ƙurar da ta daskare wuri ɗaya. Ga abin da ke bugawa sau goma ko ashirin a daƙiƙa kuwa, kafin a kai yanka na ƙarshe na farko ya zama tsohon labari.

Kuma kuskuren ba ƙarami ba ne. Daga saurin kai-kawon ƙwayoyin ake lissafa abin da masana ke kira zafin ƙurar, da ƙarfin da taguwa ta ɗauka, da inda ƙarfin ke tafiya idan ta mutu. Wanda ya ga fuska biyu na motsi ya ƙaddara ta ukun daidai take da su, hasashe ya yi, ko da ya rubuta shi da lambobi huɗu bayan ɗigo. Ido ba mudu ba ne, ya san kima, haka ne. Amma kimiyya mudu take nema.

A nan malamin ya ajiye wayar, domin ya gane cewa shayin da ya zuba a tabarma da ƙwayar da ke tsaye a hoto alhali tana tafiya matsala ɗaya ce. Tsakanin idanun mutum akwai tazarar santimita shida da 'yan kai. Kowane ido na kallon duniya daga tasa kusurwa, hotunan biyu ba su zama daidai, kuma daga wannan ɗan saɓani ƙwaƙwalwa ke fitar da nisa. Mai karatu ya miƙa yatsa gabansa, ya rufe ido ɗaya, ya buɗe ya rufe ɗayan: yatsan zai yi tsalle. Gwargwadon kusancinsa, gwargwadon tsallen. Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi gwaje-gwaje a kan gani da ido biyu a littafinsa Kitabul Manazir, kuma shi ɗin ne ya kafa hujja da hasken da ke shiga ɗaki mai duhu ta kafa, ana ganinsa cikin ƙura, a kan cewa haske miƙe yake tafiya. A 1838 Charles Wheatstone ya ƙera na'ura a Ingila da ke nuna wa kowane ido hoto dabam, sai mai kallo ya ga zurfi a inda babu shi. Mai ido ɗaya ba ya rasa nisa gaba ɗaya. Yana karanta shi daga girman abu, da inuwa, da abin da ya tare wani, da motsa kai. Shi ya sa tsohon ke zuwa masallaci ba jagora. Inda abin ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne tsawon hannu, tsakanin basilla da fata, tsakanin bakin buta da kofi, wato daidai inda sana'arsa take.

Masu binciken ƙura sai suka ba na'urarsu ido na biyu. Edward Thomas Jr. na Jami'ar Auburn a Amurka ya aro wata dabara daga masu nazarin gudanar ruwa, wadda ke kwatanta hotuna biyu da aka ɗauka a jere don a ga inda gungun ƙwayoyi ya gusa. A 2004 shi da abokan aikinsa suka yi ta da kyamara biyu masu kallon wuri ɗaya daga kusurwa dabam-dabam, suka fitar da motsi ta fuska uku. Ayyukansa na baya da Jeremiah Williams sun nuna cewa zafin ƙurar ya ɗara na iskar da take ciki da ninki mai yawa, abin da ya ba masana aikin bayani na shekaru.

Bin ƙwaya ɗaya-ɗaya ya fi wannan wuya. Da farko ana sa wani ɗan allo mai ɗigo-ɗigo, wanda aka san tazarar ɗigonsa sarai, a wurin da ƙurar za ta kasance, don a koya wa kwamfuta inda kowace kyamara take da inda ta fuskanta. Bayan haka, duk ɗigon haske da kyamara ta gani yana nufin ƙwayar na wani wuri a kan wani miƙaƙƙen layi da ya taso daga kyamarar. Kyamara ta biyu ta ba da nata layin. Inda layukan suka gamu, nan ƙwayar take. A takarda abin ya yi sauƙi. A aikace ƙwayoyin nan ba su da fuska. Galibi da melamin ake yinsu, robar nan ta farantan cin abinci, an mulmula su girma ɗaya, kamanni ɗaya. Idan kyamarar dama ta ga ɗigo dubu, ta hagu ta ga dubu, wanne ne wanne? Layuka biyu na iya gamuwa bisa tsautsayi a inda babu komai, kwamfuta ta rubuta ƙwayar da ba ta wanzu ba. Masu fannin da kansu fatalwa suke kiran irin wannan. Maganinsa shaida ta uku: a ƙara kyamara, duk ƙwayar da idanu uku ba su yi ittifaƙi a kanta ba a jefar da ita. Alƙalan garin nan ba za su ga baƙon abu a wannan hukunci ba.

Saura nauyi. A doron ƙasa nauyi na danne ƙurar ta taru a ƙasa-ƙasa, ba ta cika kwalbar ta zama gajimare mai faɗi. Don haka aka ɗauki gwajin zuwa inda abu ba ya faɗuwa. Tun 2001 Jamus da Rasha suka sa na'urar filasma mai ƙura a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, kuma ta baya-bayan nan, PK-4, an kai ta a 2014. Akwai kuma hanya mai rahusa: jirgin sama da ke tashi daga Bordeaux ta Faransa, ya cilla sama, ya saki kansa ya biyo baka, na ciki su yi shawagi na daƙiƙa 22, ya maimaita wajen sau talatin kafin ya sauka. Ƙungiyar André Melzer ta Jami'ar Greifswald a Jamus ta hau wannan jirgi da kyamarorinta. Da gajimaren ya yi kauri har ƙwayoyin gaba suka tare na baya, sai suka yi abin da makiyayi ke yi in yana son bin sawun garke: ba ya ƙirga kowace saniya, shaida yake sa wa kaɗan. Suka gauraya 'yan ƙwayoyi da aka rina da launin da ke mayar da haske da wata kala dabam, suka sa wa kyamarorin matatar da ke barin wannan kalar kaɗai ta wuce. Sauran gajimaren ya dushe, masu shaidar suka fito fili, aka bi kowace a cikin taguwa. An buga bayanin dabarar a 2012. A Kiel kuma an gwada hologiram, inda kyamara ɗaya ke ɗaukar zoben da haske ke yi bayan ya gifta ƙwaya, a lissafa nisanta daga zoben.

Abin da aka gani da aka samu idanu ya gyara zanen macijin allo. Idan taguwa ƙarama ce, ƙwaya na gaba ta dawo baya, kamar mutumin layin ƙofar Hubbare. Idan ta yi ƙarfi, tudunta kan tsuke ya yi kaifi, ƙwayar ta daɗe a kwari sannan a fizge ta da sauri in tudu ya iso, wasu ma tudun ya kama su ya yi gaba da su. Ƙungiyar Lin I a Taiwan ta nuna cewa fuskar taguwar ba ta zama a miƙe kamar bango. Tana lanƙwasa, tana tsagewa, wani lokaci ta murɗe kamar zaren igiya. A 2016 suka bayyana a mujallar Nature Physics yadda irin wannan lanƙwasa ke tattaro ƙwayoyi daga kowane gefe zuwa wuri ɗaya, sai wata ƙatuwar taguwa ta tashi kwatsam ta ɓace, 'yar'uwar waɗanda matuƙan jirgin ruwa ke tsoro a teku. Wanda ke kallon falle ɗaya zai ga tashinta, ba zai ga inda ta samo jama'arta ba.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: ba wanda zai sami ruwan famfo a Sakkwato saboda an auna taguwar ƙura a Greifswald. Amfanin fannin na tafiya ne ta doguwar hanya, ta ƙwaƙwalwar wayar da ke aljihu, ta ƙurar da ke taruwa cikin injinan da ake fatan su samar da wuta irin ta rana, ta ƙurar wata mai caji da ta manne wa kayan 'yan sama-jannatin Apollo 17 a 1972 har ta sa ɗayansu, Harrison Schmitt, atishawa. Kuma ƙurar zauren baduku ba filasma mai ƙura ba ce, komai kamannin. Iskar zaure cunkushe take, kusan duk ƙwayoyinta ba su da caji, motsin da ake gani cikin hasken rana kuwa numfashin mutane ne da ɗumin bango ke juya shi.

Sai dai ba baƙuwar lantarki ba ce. Kaso mai yawa na hazon hunturu daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi yake tasowa, fiye da kilomita 1,000 daga Sakkwato, inda iska ke matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta share busasshen gindin tsohon babban tafkin Cadi, mai cike da ɓawon ƙananan halittun ruwa da suka mutu dubban shekaru da suka wuce. A hanya ƙwayoyin na gogar juna suna musayar caji, iska kuma a bushe take, ba laimar da za ta kwashe shi. Kowa ya san tartsatsin bargo da dare, da cizon da ƙofar mota ke yi wa yatsa a watan Janairu. A 1967 D. J. Harris ya buga a mujallar Nature awon da ya yi a arewacin Nijeriya, wanda ya nuna hazon na juya yanayin lantarkin sararin sama daga yadda aka san shi a rana garau. Can goga ce ke ba da caji, nan filasma. Tambayar yadda ake bin ƙwayar ƙura guda a sarari mai fuska uku dai ɗaya ce.

Wata Asabar malamin ya gwada da abin da yake da shi. Ya ari wayar ƙanwarsa ya haɗa da tasa, ya jingina ɗaya a kan turmi ɗaya a kan akwatin fata, duka suna kallon sandar hasken daga kusurwa biyu, ya tafa hannu don sautin ya zama alamar farawa a bidiyon biyu. Da dare ya zauna yana gwama su. Ƙwayoyin sun fito, amma sun yi yawa, kyamarorin na ta neman inda za su tsayar da gani, wadda ya bi a wayar dama ya kasa rantsewa ita ce a ta hagu. Sa'a biyu ya kashe, ya tsira da fatalwowi. Abu ɗaya ya samu: wani ɗan zaren auduga da ya fi saura girma, wanda ba a iya rikita shi da kowa. A bidiyon farko kusan tsaye yake. A na biyu ya ratsa hasken daga gefe zuwa gefe.

Da safe ya nuna wa mahaifinsa. Tsohon ya kawo wayar kusa da idon dama, ya kalli na farko, ya kalli na biyu, ya ce a sake.

"Abu guda na?"

"Shi na, Baba. Lokaci guda. Wagga ta gane shi tsaye, waccan ta gane shi yana tahiya."

"To wace ta yi ƙarya?"

"Babu. Kowace abin da tag gani ta hwaɗi."

Tsohon bai ce komai ba. Ɗan ya ɗauko basilla biyu daga cikin kayan aiki, ya riƙe ɗaya a kowane hannu, ya miƙa hannuwan, ya kawo tsinin biyu suka haɗu baki da baki. Ya rufe ido ɗaya ya sake, tsinin suka wuce juna. Sannan ya durƙusa ya miƙa wa mahaifinsa su da hannu biyu.

"Malam," in ji tsohon, wanda bai taɓa kiran ɗan farinsa da suna ba, "wanga ai wasan yara na."

Amma ya karɓa. Hannuwan da suka yi shekara hamsin da ɗoriya suna ɗinki ba su yi rawa ba ko kaɗan. Tsinin dama ya wuce ta bayan na hagu da faɗin yatsa. Ya sake, ya wuce ta gaba. A karo na uku ya karkata kai, ya ɗan kaɗa shi hagu da dama yadda ƙadangare ke yi, ya matso a hankali har ƙarfe ya taɓa ƙarfe.

"Ka gani," ya ce.

"Na gani, Baba. Sau ukku."

Tsohon ya mayar da basillar cikin kube, ya jawo fatar da yake aiki a kai. Hasken ya riga ya bar tabarma ya hau bango. Can bayan wani lokaci, yana laluben bakin fata da yatsa, ya tambaya ko likitan nan na nan har yanzu. Aka ce yana nan. Ya ce ba a buɗe ido sabo cikin wagga ƙura, a bari ta kwanta tukuna. Ɗan ya ƙirga a zuci: Janairu ake ciki, hazo kan ja har cikin Maris. Ya buɗe wayar ya rubuta ranar farko ta Afrilu, ya juya fuskarta wajen idon dama na mahaifinsa don ya karanta.